Kaye Bakwai da Na Tafi da Su Lyon

Shekara shida muna wasan nan kowace Lahadi, daga bayan azahar har magariba, a ɗakin bayan kantin kawuna da ke unguwar Belleville a Faransa, tsakanin buhunan shinkafa da kwalayen zoɓo. Mu huɗu ne: ni, da ɗan kawun nawa, da ƙanwarsa, sai wani Bakano mai gyaran waya a layin. Wasan tebur ne irin wanda mutum ɗaya ke jan labari, sauran kowa ya ɗauki mutum guda a cikin labarin ya zama shi, in aka zo inda ba a san yadda za ta kaya ba, a jefa ɗan lido ya raba gardama. Ni ne mai jan labarin. Ni na ƙirƙiro garuruwan da rijiyoyin, da fatake da aljanu, na rubuta komai a kaye, littafin rubutu irin na 'yan lakwal, wato 'yan makaranta, har suka kai bakwai.

Rabin wasan tsiya ce. 'Ya'yan kawuna taubasaina ne, Bakano kuwa, ni Badamagare, abokin wasana ne tun kaka da kakanni, don haka ba na buɗe baki in rufe ba a tsokane ni ba. In na kumbura murya zan yi sarkin aljanu, sai Bakanon ya ce, "Wannan aljanin da ji ɗan Damagaram ne, yunwa ce ke sa shi gurnani." In yi fushi in rufe kaye, su ba ni haƙuri suna dariya, in buɗe. Ina da zuciya, na sani, ba yau aka fara faɗa mini ba.

Da aiki ya mai da ni Lyon, ban ji tsoron garin ba, ban ji tsoron aikin ba. Tsorona ɗaya: kada in rasa mazaunina a teburin nan, don ban da shi ba ni da wani wuri a Faransa da nake zama in manta da kaina. Sai na yanke shawara zan zuba duniyarmu kaf a ordinata, wato kwamfuta, in sami manhajar da za ta riƙe bayanan kowa, mu riƙa wasa daga nesa kamar ba inda na je. Na kwashe kaye bakwai ɗin, har da takardun da su ukun ke rubuta ƙarfi da kayan mutanensu. Na ce musu, "Sati biyu kawai, ku jira ni."

Manhaja ta farko da na gwada kyakkyawa ce, tubarkalla. Cikin minti biyar za ta haɗa maka mutum, ta ba shi ƙarfi da wayo, ta zana masa fuska har da tabo a kumatu. Amma da na zo wurin dangantaka, gida biyu ne kacal: aboki ko maƙiyi. Haba! A labarinmu akwai wani maƙeri da ke zagin wani bafatake kullum safiya, ya ƙwace masa goro, kuma shi ne zai fara shiga wuta dominsa. A wane gida zan sa shi? Na goge ta.

Ta biyu ta fi dacewa da wasa daga nesa, kowa zai iya shiga ta wayarsa ya jefa lido a gani. Ita kuma suna ɗaya take yarda mutum ya ɗauka. Jarumar taubashiyata 'yar fari ce, uwarta ba ta kiran sunanta, kakarta da nata sunan da take kiranta, 'yan kasuwa da nasu. Wanda ya kira ta da sunan da ba nasa ba ne ya kira, an san baƙo ne ko maƙaryaci, kuma a haka muka taɓa kama wani aljani da ya shigo da siffar kakarta. In na matse ta a suna ɗaya me ya rage? Nan ma na ja tsaki na rufe.

Ta uku ba manhajar wasa ba ce ma, rumbun bayanai ne fayau, kai za ka gina gidajensa yadda kake so. Ita na zaɓa, kuma har gobe ina cewa ban yi kuskuren zaɓi ba. Na yi wa kowane mutum gidan kawu daban, na baffa daban, na taubashi, na abokin wasan gari, na wanda ake jin kunyarsa. Mutum ɗari biyu da wani abu ne a kaye ɗin, kuma duk wanda na shigar sai ya jawo mini danginsa.

Haka na yi ta yi. In dawo daga aiki, in ɗora taliya, in ci a tsaye, in zauna. Lahadi kuwa tun safe nake farawa. Tagar ɗakina bangon wani gini take kallo, maƙwabcina kuma gaisuwarmu ba ta wuce ɗaga kai a matakala. Wata Lahadi na lura tun ranar Juma'a ban yi magana da kowa ba, sai mutanen kaye da nake karanta sunayensu a fili ina bugawa. Kaɗaici ya ci ni a garin nan, ba zan ɓoye ba.

A wata na biyu taubashina ya kira. Gaisuwa a tsaitsaye, sai ya ce, "Kai, sarkin gini, ɗauki hoton takardunmu ka turo mana. Mu jingina waya da gwangwanin tumatir, ka ja labarinka daga can, shi ke nan."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Shekara shida na aikina za ka jingina da gwangwani? Ku jira a yi abu yadda ya kamata!"

Ya ce, "Dakor, na yarda, muna jira." Ya sake kira sau biyu kan maganar, ina ba shi amsa iri ɗaya. Daga nan in ya kira sai ya tambayi aiki da sanyi, ya ce kawu na gaishe ni.

Wata biyar na ɗauka. Ranar da na shigar da mutum na ƙarshe na sayi tikitin jirgin ƙasa na safiyar Lahadi, ban gaya wa kowa ba, wai zan ba su mamaki.

Tun daga bakin kanti na jiyo ƙarar lido a kan tebur. Na ɗaga labule. Taubashiyata ce zaune a mazaunina da sabon kaye a gabanta, tana jan wani labari da ban san shi ba. Ga yayanta, ga Bakano, ga wata ƙawarta daga La Courneuve da ban taɓa gani ba. Suka miƙe gaba ɗaya. Aka yi gaisuwa doguwa, ya hanya, ya gajiya, ya mutanen Lyon. Taubashina ya fita ya ɗauko mini kujerar kawu mai makari, aka kawo ruwa a kofin gilas, aka zuba mini shinkafa a faranti ni kaɗai, alhali da a tire ɗaya muke sa hannu.

Na buɗe ordinata na nuna musu. Na danna maƙerin nan, danginsa suka bazu a fuskar na'ura har jikokin taubasansa. Suka leƙa suna gyaɗa kai. Taubashiyata ta ce, "Masha Allah, ka yi ƙoƙari." Na juya ga Bakano ina jira ya ce Badamagare ya yi wata biyar yana ƙirga aljanu. Wallahi da kwaɗayi nake jira. Sai ya ce, "Sannu da aiki, Malam."

Hausawa na cewa, ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani kullum. Babu wanda ya raina ni ranar.

Suka ce in shiga wasan, taubashiyata ta ba ni wani matafiyi da zai kwana ɗaya a garinsu. Na karɓa. Labarin nata yana da daɗi, babu abin kushewa, na nema ban samu ba. Suna ta sheƙa dariya kan wani abu da ya faru makonni uku baya, in sun ga ban gane ba su tsaya su yi mini bayani a hankali, su ba ni haƙuri.

Bayan la'asar na ce zan kama jirgi. Na rataya jakata na ɗaga musu hannu, na ce su ci gaba da wasansu. Sai na ga taubashina yana neman takalmansa, Bakano ya karɓi jakar daga kafaɗata, taubashiyata ta rufe kaye ta yafa gyale.

Na ce, "Ina za ku?"

Taubashina ya ce, "Mu taka maka mana."

A shekara shida ba wanda ya taɓa raka ni ko bakin ƙofa. Su ukun suka sa ni a tsakiya har bakin ramin metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, suka miƙo mini jakata, suka ce in gai da gida. Na sauka matakala, na waiga, suna nan tsaye suna jira in ɓace kafin su koma.