Kujerun Roba a Gindin Darbejiya

Na yi shekaru ina aiki a wani kamfanin roba a Kano, aikina tarbar kujera. Ana zuba ƙwayoyin roba masu kama da shinkafa a bakin inji, su narke, injin ya tura su tsakanin wasu ƙarafa biyu da aka sassaƙa siffar kujera a cikinsu. Da ƙarafan sun buɗe sai in cafko kujerar da zafinta, in aske mata gefe da 'yar wuƙa, in ɗora ta a kan 'yar'uwarta. Ƙafafunta a ware suke ta ƙasa, cikinsu fanko, shi ya sa ɗaya take shigewa cikin ɗaya. Na tsani aikin nan, har abincina warin roba yake yi.

Ƙauyenmu yana gaba da Tofa, inda gona take farawa daga bayan katangar gida. Babana manomi ne, ƙaton mutum, mai surutu da tsokana. Kullum bayan la'asar ana shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar ƙofar gidanmu, ya zauna da Liman da sauran sa'o'insa, a taɓa hirar taki da farashin gero a kasuwar Dawanau. Wannan majalisar ita ce rayuwarsa.

Sai gwiwa ta kama shi. Zama ba ya ba shi wahala, tashin ne bala'i. Wata rana aka kira magariba kowa ya miƙe, shi ya kasa, sai da aka ɗaga shi ta hammata a gaban masu wucewa. Daga ranar bai sake fita ba.

Inna ta kira ni a waya. "Babanku ya shige ɗaki," in ji ta. "Ba ya tsokanar kowa, tuwon ma tsakura yake yi. Ni wannan shirun nasa ya fi gwiwar ba ni tsoro."

Na ce wannan ai mai sauƙi ne. Ranar hutu na ɗauro kujera fara sol a bayan babur, na dire masa a tsakar gida ina jin kaina. Ya dube ta, ya dube ni.

"Wato in ɗare a sama, Liman yana ƙasa? In riƙa kallon tsakiyar kan sa'o'ina? Ka taɓa ganin an yi haka a garin nan?"

Gaskiya ban taɓa gani ba. A wurinmu kujera ta baƙon gwamnati ce, manya a tabarma suke zama, kafaɗa da kafaɗa. Amma ni zuciya ta ɗebe ni. Na ce masa girman kai ne ya zauna a ɗaki yana ramewa saboda abin da mutane za su ce. Ya ce in kwashe tarkacena. Na wurga ta zaure, kaji suka mayar da ita wurin kwana.

Zan koma Kano sai aminin Baba ya tare ni a bakin hanya. Baffa muke ce masa, ɗan gajeren tsoho siriri, tun suna yara suke tare.

"Kai, wannan kujerar taku, guda ɗaya tak kuka yi a kamfanin?"

Na ce a'a, Baffa, suna nan jibge.

"To ni ma gwiwata ta fara. Ka kawo mini tawa. Liman ma yana kukan baya, sauran ma duk lallaɓawa suke."

Da zan dawo daga Kano, na jero kujerun ɗaya cikin ɗaya na ɗaure a bayan babur, sun fi kaina tsawo, mutane suna ta yi mini dariya a hanya. Bayan la'asar na jera su a gindin darbejiya. Tsofaffin suka hau a ɗarare, kowa ya riƙe hannun kujera gam. Baffa kuwa ƙafarsa ba ta kai ƙasa ba, tana ta lilo. Ya juya ya kwaɗa wa gidanmu kira.

"Malam! Fito ka ga yadda tsufa ya yi da mu. Ko sai mun aiko a goyo ka?"

An jima sai ga Baba ya dogaro sanda. Ya tsaya a bakin zaure yana kallonsu, sannan ya fashe da dariyar da aka daɗe ba a ji ba. Ya ce Baffa ya yi kama da ɗan yaye a kan jaki.

Saboda nauyinsa, kuma wurin yashi ne, na san ƙafar kujera ɗaya za ta baje, sai na haɗa masa biyu. Yana zama ya lura tasa ta ɗara ta kowa tsayi da ɗan kaɗan. Ya yunƙura zai tashi. Na ji kamar in yi ihu.

"Kai, ninka wa Liman tasa mana!" in ji Baffa. Na ninka. Liman ya ɗan ɗaga sama, Baba ya gyara zama, aka shiga hirar taki.

Haka aka ci gaba damina da rani. Da magariba a jera kujerun a lungun zaure, ba su tare hanyar kowa ba. Rana ta cinye farinsu, wadda ta tsage aka ɗinke ta da waya. Baffa ya samo bulo yana taka ƙafa, kullum yana mitar robar tana sa masa gumi a baya. Ni ma na rage tsanar aikina. In na cafko kujera sai in shafa hannunta da kyau, kada wani kaifi ya yanki tsoho.

Baba ya rasu bayan kaka, Allah ya jiƙansa. A zaman makoki na fito da kujerun, na kai wa Baffa tasa har da bulonsa. Ya ɗaga mini hannu, ya zame a kan tabarma ya tanƙwashe ƙafa. Liman ma haka, sauran ma haka. Da aka kira azahar sai na ga Baffa ya miƙe tsaf, ko ƙasa bai dafa ba.

Na matsa kusa da shi. "Baffa, gwiwar fa?"

"Wace gwiwa?" Ya shiga laluben takalminsa, idonsa ya kaɗa. "Mayar da su zaure, ɗana. Mai ciwon ya tafi."

Na kwashe su na kai zaure, ina sa ɗaya cikin ɗaya. Tun safe ban yi kuka ba, sai a nan ya ƙwace mini.