Karnukan Glenys

Glenys tana 'yar ƙarama aka harbe karnukan kakarta a gabanta. Wani ɗan sanda ne ya zo daga birni, wai an turo shi ya rage karnukan garin. Tsohuwar ta ƙanƙame wata baƙar karya tana kururuwa, ya fincike ta, ya ɗirka wa karyar harsashi a ka. Jinin har fuskar Glenys.

Ta girma a nan cikin hamada, ta yi aure, mijin ya rasu, karnuka suka cika mata gida. Da su take farautar damo, su ke ɗumama ta lokacin sanyi. Amma sun yi yawa. Ƙazuwa ta cinye musu gashi, yunwa ta mai da su mugaye.

Wata rana da hantsi suka tare ƙaninta Clem a bayan kanti, yana saɓe da wutsiyar kangaru, naman dajin da ake ci a yankin. Suka kayar da shi, suka yage masa cinya, suka cire masa kunne. Glenys ta faɗa tsakiyarsu da sandar tono tana jibga. Babbansu, wanda ta raina tun yana kwikwiyo, ya cafke mata hannu ya gutsire yatsu biyu. Da ɗaya hannun ta fasa masa kai.

Jirgin sama ya ɗauki Clem zuwa asibiti. Matarsa Noreen ta iso gidan Glenys da bindigar farauta.

"Yaya, fito da 'ya'yan nan naki! Mijina ne naman gashinsu?"

"Ajiye abin nan, ke da ko gwangwani ba ki iya samu."

Noreen ta harba, wani kwikwiyo ya tarwatse a bakin ƙofa. Glenys ta yi kanta da hannu naɗe da tsumma, suka kaure, da ƙyar aka ɓamɓare su.

Dattawa suka ce a kira likitar dabbobi. Ranar da ta zo, kowa ya ɓoye karensa. Glenys ta tare ta a hanya.

"In na ga bindiga a motar nan, ni da ke ne."

Likitar ta buɗe mata akwatunan. Allurai ne da wuƙaƙe da magani. Glenys ta duba ɗaya bayan ɗaya, sannan ta shiga gida ta riƙa ciccibo karnukanta ana fiɗiye su a ƙarƙashin rumfa. Waɗanda suka ciji Clem ita ta nuna su, ta riƙe kawunansu a cinyarta har allurar kisa ta gama da su. Da yamma maƙwabta suka fara kawo nasu.

Yanzu ita ce ke zaga gari tana jefa wa karnuka burodi mai maganin ƙazuwa. Clem ya dawo yana ɗingishi. Ba ya shiga gidanta, daga bakin shinge yake ƙwala mata kira ta miƙo masa shayi. Noreen kuwa har yau ko gaisuwa ba ta haɗa su.