Ranar Da Na Zauna A Dakalin Maza

Ko zan manta da komai, ba zan manta da yinin nan ba, har waɗanda ke wurin ina iya lissafo su: ni, da ɗana na fari, da abokansa biyu, tela da wani tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, sai jikata, wadda ita ce sanadin komai.

A ƙofar gidanmu na Tudun Fulani akwai dakali, kuma na maza ne. Ni na kafa dokar tun maigidana na da rai: 'ya mace ba ta zama a kansa. Ko ruwa aka aike ta da shi, ta ajiye ta juyo. Duk 'ya'yana mata a kan dokar nan suka tashi, babu wadda ta taɓa gwada ni.

A wannan shekarar, jikata ta samu gurbi a wani wurin koyon gina shafukan intanet. Malaminsu ya ce kowa ya haɗa kayan aikin a kwamfutarsa, ya ɗauki hoton shafin farko ya tura kafin magariba. Wanda bai tura ba, a ba wani gurbinsa. Ni ban yi boko ba, amma ina da ido. Tun hantsi nake kallonta a tsakar gida. Ta buga wani abu a baƙin allo, farin rubutu ya yi ta gudu, can ya tsaya cak, ja ya fito. Ta shiga ɗaki, ta fito, ta zagaya bayan kicin tana ɗaga waya sama.

Na ce, "Ke, tun safe ko tsinke ba ki ɗaga ba. Me ake yi ne?"

Ta ce, "Kaka, akwai wani tsari da a kansa ake ɗora shafin, wasu sun riga sun haɗa shi. Kamar a kawo miki katakon rufi a yanke, ke dai ki jera. To sai ya sauka duka a kwamfutar. Da sabis ya yanke, sai in koma farko."

"A ina ne ba ya yankewa?"

Ta kalli zaure, ta wajen dakalin. Ba ta roƙe ni ba, kuma wannan ne ya tsaya mini a rai. Yarinyar ta gwammace ta rasa gurbin da ta buɗe baki ta ambaci dakalin.

Da na idar da la'asar na zauna ina tunani. Ai ba simintin nake tsare su daga gare shi ba, idon masu wucewa ne da bakinsu. To idan ina wurin, wane ido ne zai yi aiki? Na yafa mayafina na ce ta ɗauko abin nata ta biyo ni.

Muka tarar da su suna cin dafaffiyar gyaɗa. Ɗana ya miƙe. "Inna, lafiya?"

"Lafiya lau. Ku matsa."

Tela ya ce, "Yau majalisa ta samu shugaba ke nan."

Na ce, "Ta samu. Kuma da zancen zanena da ka riƙe tun sallah za a buɗe ta." Ya matsa gefe.

Na zauna a bakin dakalin, ita tana daga ciki ta jikin bango. Rubutu ya kama gudu. Tsohon nan na jirgi ya leƙa ya ce, "'Yata, kaya yake saukewa? To ƙyale shi ya gama, kar ki taɓa." Ba a jima ba jan nan ya sake fitowa. Ta karanta a hankali, ta ce wannan karon ba sabis ba ne, abin da ta fara sakawa tsohon yayi ne, sabon ba ya karɓarsa, sai ta cire ta sauke wani. Ga rana ta yi sanyi.

Wata maƙwabciya ta zo wucewa ta rage tafiya. Na gaishe ta da ƙarfi, na tambayi mutanen gidanta ɗaya bayan ɗaya, har ta gaji ta wuce. Ɗana ya sunkuyo ya ce, "Inna, mutane na kallo."

"Ni suke kallo. Su kalla."

Ladan na gyaran murya a lasifika ta buga layin ƙarshe. Wani farin shafi ya buɗe, da ɗan hoto da rubutu kaɗan. Ta ce, "Ya tashi."

Na ce, "Wannan ne duka? Yini guda?"

Ta yi dariya, karon farko a ranar. "Shi ke nan, Kaka. Cewa yake komai ya zauna, yanzu a fara gini." Ta ɗauki hoto ta tura.

Abin da na koya shi ne, wanda ya kafa doka shi ya kamata ya riƙa tuna dalilinta, don yaran da ke binta ba za su tambaya ba, shiru za su yi su yi asara. Dokata tana nan, ban soke ta ba.

Washegari da sassafe na share dakalin da hannuna, na shimfiɗa tabarma. Da ɗana ya fito na ce masa, "Ka gaya wa abokanka, daga safe zuwa azahar wurin nan namu ne." Sannan na zauna na ƙwala wa jikata kira.