Na Ba da Uwar Cokulan Babana Aka Narkar

A farkon mulkin farar hula na biyu ni saurayi ne, ƙaramin akawu a ofishin ƙaramar hukuma a Bodinga. Da na maƙala biro a aljihu, sai na fara ganin duk abin da ke gidanmu ƙauyanci ne. Babana maƙerin fari ne, yana narka sanholo yana zuba cokula. Duk cokalin da ya fito daga hannunsa akwai zane a mariƙinsa: ganyen albasa biyu a murɗe, da ɗigo uku a ƙasa. Zanen kakana ne. Akwai wani tsohon cokali na tagulla da kakan ya sassaƙa, Baba na kiransa uwar cokula, domin shi yake dannawa cikin yashi ya fitar da gurbin da zai zuba narkakken ƙarfe. Daga Danchadi har Lambara, da wuya ka ga kayan amarya babu cokalinmu.

Sai ga cokulan kanti sun cika kasuwa, masu ƙyalli, ba sa tsatsa, da zanen fulawa. Ciniki ya mutu, Baba ya jingine zuga-zugi ya koma noman fadama. Ni kuwa na sayo dozin daga Sakkwato ina ta hura hanci. Wata rana da zan yi baƙi abokan aiki, na ga tsofaffin cokula zube a kwando a zaure, duk sun yi baƙi, kunya ta kama ni. Baba na fadama. Na kwashe su kaf na ba wani mai zubin tukwane da ke yawo, ya ba ni tukunya ɗaya. Na ga na tagullar a ciki da idona, na ce a raina me za a yi da shi.

Ba a daɗe ba aka shiga tsuke bakin aljihu, kayan waje suka yi wuya, cokalin kanti ya fi ƙarfin talaka. Mata suka dawo ƙofar gidanmu suna cewa a zuba musu irin na da. Na ga Baba ya miƙe da murna kamar yaro, ya kakkaɓe zuga-zuginsa, ya shiga neman uwar cokula. Kwana uku yana birkita zaure da rumbu. Ni ina tsaye, har taya shi nema na yi, Allah ya yafe mini. Aka aro cokulansa daga maƙwabta, amma duk sun cinye da wanki, zanen bai fita a yashi ba. Ya gwada sassaƙa wani, ido ya raunana, hannu na rawa. Ya ce in riƙe masa kurfi, ƙarfen sassaƙar zane, ya nuna mini, sai ga shi ko yadda ganyen ke murɗewa ban sani ba. Bai taɓa tambayar wanda ya ɗauka ba, sai dai na sha kama shi yana kallon sabuwar tukunyar nan.

A ciwonsa na ƙarshe ni nake ba shi kunu, da cokalin kanti. Ya karɓa ya shafa fulawar da babban yatsa, ya daɗe yana shafawa, sannan ya ce wanda ya yi wannan zanen ya yi sa'a, ɗiyansa sun adana mishi.  Na buɗe baki in faɗi gaskiya, sai na fasa, kuma bai kai mako ba ya rasu.

Yau na tsufa, amma abin bai sake ni ba. Na gane cewa ba tagulla na bayar ba, hannun kakana da mutuncin babana na kai wuta. Ku matasa, kafin ku share abin da kuka tarar a zauren gidanku, ku tambayi mai shi. In kuma kun riga kun yi ɓarna, ku faɗa tun yana da kunnen ji. Tukunyar tana nan a ɗakina, ban taɓa iya cin abin da aka dafa a cikinta ba.