Abin da Manzo ya goge

Duk wanda ya ci kasuwar Tanut a zamanin mulkin soja ya san rumfar Manzo mai gyaran rediyo. Mutum ne gajere, mai tsinin baki, ga cika baki kamar shi ya ƙera rediyon. Gyaran ma ba shi ne cinsa ba. Mutanen ƙauye da 'yan'uwansu suka tafi cirani Libiya su ke zuwa su zauna gaban rakodarsa, su yi magana a kaset, a ba direba ya kai. In mutum ya fara sai Manzo ya ja gefe, wai kunnensa ba ya cin amana. In kuma mai magana ya fasa aikawa, Manzo ya goge, ya ɗora waƙa a kai ya sayar. Kaset ba abin yarwa ba ne a nan ƙasar Damargu.

Shekarar fari ta tamanin da huɗu, Jika, wani manomi daga Gangara, ya zo zai yi wa yayansa magana. Ya daɗe a durƙushe yana magana, sannan ya taso.

"Manzo, na fasa. Goge shi."

Manzo ya mayar da zaren kaset ɗin baya, ya danna don ya ga inda aka tsaya, sai kunnen da ba ya cin amana ya ji: "Yaya, makiyayin da aka tsinci gawarsa a kwarin Tarka, ni ne na kashe shi. Ɗan geron da ya rage shanunsa suka cinye. Sanda ɗaya na yi masa, wallahi ban nufi kisa ba."

Suka dubi juna. Manzo ya danna jan maɓallin gogewa, zaren ya zagaye har ƙarshe.

"Ya gogu?" in ji Jika.

"Abin da Manzo ya goge, ko jandarma ba su tono shi. Tafi ka yi barcinka."

Da ma ya jefa shi a wuta. Ina, hannu ya saba. Ya cika shi da waƙoƙin biki, Mailafiya direba ya saya, shi da ke jigilar Belbeji ta kan Tarka, motarsa kullum maƙil da makiyaya.

Bayan kasuwa biyu wata tsohuwa, Yagana, ta dawo da kaset ɗin da ta saya, tana ta faɗa.

"Ɗan nan, aljanu ka sayar mini? Da waƙa ta ƙare sai in ji mace tana kuka can ƙasa-ƙasa."

Manzo ya yi dariya ya saka. Dariyar ta tsaya. A ɗan shirun da ke tsakanin waƙa da waƙa, ga muryar wata da ya goge tun bara, siririya, amma kowace kalma tana fita. Ya buɗe rakodar. Ƙarfen da ke goge zare ya cinye, rairayi ya gama da shi, Allah kaɗai ya san tun yaushe.

Tsoro ya kama shi sosai. Ya aika wa Jika a Gangara, aka ce ya fita neman ciyawa a daji. Ya tambayi Mailafiya a tasha, aka ce yana hanya, sai ran kasuwa.

Ran kasuwa Manzo bai buɗe rumfa ba, yana tasha tun hantsi. Kowa ya san motar Mailafiya, tun daga nesa kiɗanta ke riga ta isowa. Ranar ta shigo shiru. Mailafiya ya sauko bai ko dubi inda yake ba. Wasu makiyaya suka diro daga baya, ba su kawo ko akuya ta sayarwa ba. Babbansu, dattijo mai rawani, ya ƙaraso, kaset ɗin na hannunsa. Ya yi sallama a natse.

"Kai ne mai rediyo? Ba da kai muke ba. Muryar mun san mai ita. Motar Gangara muke tambaya."

Manzo ya yi shekaru bayan haka yana gyaran rediyo, amma bai ƙara ɗaukar muryar kowa ba. Jika kuwa ba a ƙara ganinsa ba. Yayansa yana ta aiko kaset-kaset daga Libiya yana tambayar ƙanensa, kuma rumfar Manzo direbobi ke kawo su.