Tsohon da Bai Amsa Gaisuwata Ba

Muna aji biyu na ƙaramar sakandare aka kawo wa makarantarmu wani babban tabarau mai maɗauri. In ka ɗaura shi a ido sai ajin ya ɓace, ka tsinci kanka a wani wuri. Malamar tarihi ta ce da shi za mu zaga tsohuwar kasuwar Sakkwato, ɗaya bayan ɗaya, a gaban allo.

Ba kasuwar nake tsoro ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne kowa zai gan ni, ni kuwa ba zan ga kowa ba. Can baya nake zama, kusa da taga, ko sunana aka kira da ƙyar ake jin amsata. Na lura duk wadda ta sa tabaran bakinta yakan buɗe ba ta sani ba. Na ƙudura zan datse nawa, in tsaya ƙyam har a cire mini.

Malama ta ɗaura mini shi a kan hijabi. Soson gefensa da ɗumi, ga gumin wadda ta riga ni. Sai ga rumfuna, ga jajayen fatu a shanye, ga raƙumi a gurfane. Na duba ƙasa ban ga ƙafafuna ba.

"Juya dama," in ji Malama, muryarta kamar daga bayan katanga.

Na juya. Wani tsoho mai farin gemu na zaune a kan buzu dab da ni, yana kallona. A gidanmu na Ƙofar Taramniya, kakata ba ta yarda yarinya ta gaida babba a tsaye. Kafin in yi tunani gwiwoyina sun kai ƙasa.

"Ina kwana, Baba."

Bai amsa ba. Mu kuwa ba a tashi sai an amsa. Na ce ko bai ji ba ne, na ƙara da ƙarfi. Nan na ji sanyin siminti a gwiwata, dariya ta taso ta ko'ina, ba na ganin masu yin ta.

"Ke, mi ya ce miki? Ya ba ki goro?" Muryar wata mai baki ce da ke zama a gaba.

Malama ta kwance maɗaurin. "Ya isa haka. Tashi, ɗiyata."

Na koma wurina ina kallon ƙasa. Tun daga ranar ake kirana jikar Baba, kuma duk lokacin da aka shigo da akwatin tabaran sai in ƙara lafewa a bayan aji.

Amma a ranar, da aka zo kan mai bakin nan, idona na kan ƙafafunta. Da Malama ta ce ta juya dama, gwiwoyinta suka ɗan lanƙwashe kamar za ta durƙusa, ta yi sauri ta miƙe tana gyara hijabi. Ni kaɗai na gani, ban kuwa faɗa wa kowa ba.