Dawa Zalla a Gonar Kawu

Ban taɓa iya zama minti goma cur a kujerar ofishinmu na Ikara ba. Sai in tashi in leƙa taga, in dawo in fere fensirin da na riga na fere, in sake tashi. Aikina rubuta wa kwamfuta umarni ne, alhali kwamfutar tana can Zariya, a wani ɗaki mai sanyi da ban taɓa wuce bakin ƙofarsa ba. Lokacin ba a daɗe ƙwarai da tafiyar Turawa ba. Sun tafi, sun bar mana kwat da taron ranar Litinin.

Nakan rubuta umarnin a takarda mai gida-gida, motar ofis ta kai Zariya ranar Talata, a huda shi a jikin katuna, inji ya karanta, amsa ta dawo wani satin. Sati guda ina jiran magana ɗaya. Ko mai neman aure bai sha jiran da na sha ba.

Yaren da muke yi wa injin magana da shi sunansa Kobol, kuma na tsane shi, ban ɓoye wa kowa ba. Halinsa irin na tsohon akawu ne, kafin ka faɗa masa komai sai ka yanka masa gurbi nawa maganarka za ta ci, kuma abin da ka yanka shi ke nan. Don masu kayan sito aka yi shi. Mu kuwa gonaki muke rubutawa, domin a fitar da jerin manoman da za a ba takin zamani. Wanda ya tsara katin kafin zuwana gurbi ɗaya tak ya bari na abin da aka shuka: lamba ɗaya dawa, biyu gero, uku gyaɗa, huɗu auduga. To wa ya taɓa ganin gonar abu ɗaya a ƙasar nan, in ba rake a fadamun Makarfi ba? In malamin gona ya yi gaskiya ya cusa lamba biyu ko uku a gurbin, sai inji ya tofar da katin, sunan manomi ya faɗi daga jerin.

Cikin waɗanda suka faɗi har da kawuna na Janfalan, ƙanen mahaifiyata, wanda a gidansa na tashi. Gonarsa gero ne da dawa a haɗe, wake na bin ƙasa, kuɓewa a gefe. Haka ya gada, kuma da ita ya ciyar da mu.

Na sami shugaban ofis, mutum mai ƙararrawa a tebur ko da yake masinjan yana zaune taku uku daga gare shi. Na ce, "Ranka ya daɗe, katin nan yana zubar da manoma. Gurbi huɗu nake so. Ko kuma a bar ni in gwada wani yare da na karanta labarinsa a mujalla, shi yana karɓar jeri komai tsawonsa."

Ya ce, "Malam, duk duniya da Kobol ake aiki. Kai ne za ka fi su? Gaggawa aikin Shaiɗan ce. Rubuto a takarda a kai taro."

Na rubuta. Litinin ta farko aka ƙare a kan inda ma'aikata za su riƙa jingine kekuna. Ta biyu aka ce takardata ba ta bi ta hannun mataimaki ba. Ta uku mataimakin ya tafi hutu. Ina zaune cikin kwat, gumi na bin bayana.

Da wannan zuciyar na hau keke na tafi Janfalan gab da faɗuwar damina. Bayan na durƙusa mun gaisa, ya tambayi aiki, na tambayi iyali da gajiya, Kawu ya ce, "Ɗan nan, an kira sunaye a ƙofar dagaci, ban ji nawa ba. Ga shi an ce kai ke magana da injin."

Sai na sauke masa duk abin da ke cikina. Na ce, "Kawu, injin nan makaho ne. Ba ya ganin gona sai mai abu ɗaya. In da dawa ce zalla, da tuni ya gan ka."

Ya gyaɗa kai ya ce, "To, madalla." Ni ƙorafi nake yi. Na manta cewa a gidan nan ni ne wanda ya yi boko, maganata ba ta faɗuwa ƙasa. Na hau kekena na dawo, har ina jin sanyi a raina don na sami wanda ya saurare ni.

Duk daminar ban koma ba, ina can ina bin takardata daga tebur zuwa tebur. A shekarar ruwa ya ɗauke da wuri. Masu gero sun riga sun girbe, domin shi ba ya jiran ruwan ƙarshe, dawa ce ke jiransa. Da kaka sabon jeri ya dawo daga Zariya, na ga sunan Kawu a ciki. Murna ta hana ni duba lambar da ke gefensa. Na kwafe layin a takarda na kama hanya.

Tun daga nesa na ga gonar. Dawa ce zalla daga wannan iyaka zuwa waccan, a tsaye, ta bushe, kawunanta ba ƙwaya. Babu karan gero ko ɗaya, babu wake. Na sauka daga keke na tura shi har gida.

Kawu bai yi mini faɗa ba, kuma da ya yi da na fi samun sauƙi. Ya karɓi takardar, ya juya ta, ya ce, "Yanzu ya gan ni?"

Na ce, "Ya gan ka, Kawu."

Ya ce, "Alhamdu lillahi." Ya ninke ta ya sa a cikin hularsa.

Bayan la'asar matar maƙwabci ta yi sallama da kwanon tuwon gero a rufe da faifai, aka ajiye mana. Tun ina yaro daga gidan nan ake fita da tuwo, ban taɓa ganin an shigo da shi ba. Kawu ya ture kwanon gabana ya ce in ci, na sha hanya.